Abin da ke sa mota rawa idan ta ɗauki gudu, da yadda ake gano tushen matsalar

Akwai motar da za ta yi wata da watanni tana zirga-zirga tsakanin gida da kasuwa ko ofis ba tare da mai ita ya ji wani abu ba. Sai ranar da tafiya ta kama, aka hau titin Kano zuwa Zariya ko na Abuja zuwa Kaduna, allurar maleji ta haura 80, sannan sitiyari ya fara rawa a hannu, madubi ya riƙa karkarwa, wani lokaci har kujera ta ɗauka. Da an rage gudu sai komai ya lafa kamar ba a yi ba.

Wannan lafawar ce ke yaudarar masu motoci da dama, su ɗauka cewa lamarin bai kai a je gareji ba. Wasu kuma da sun je sai a fara canje-canjen kaya bisa hasashe: yau shokazoba, gobe boris, jibi alaimen, kuɗi na tafiya, rawar tana nan. Alhali girgizar mota tana zuwa da alamominta, kuma direban da ya lura da lokacin da take farawa, da inda yake jin ta, da abin da ke ƙara ta ko rage ta, ya riga ya yi wa makaniki rabin aiki.

Me ya sa sai an yi gudu take bayyana?

Amsar tana cikin lissafin juyawar taya. Tayar da ke ɗauke da lamba 205/55 R16, irin wadda ake gani a ƙananan motoci da yawa kamar Toyota Corolla, kewayenta ya kusa mita biyu. Idan mota tana gudun kilomita 100 a awa, wannan tayar tana juyawa kusan sau 14 a kowane sakan, wato kimanin sau 840 a minti guda.

Idan wani gefe na tayar ya fi sauran nauyi, ko da kaɗan ne, kowace juyawa sai ya fizgi ƙafar motar zuwa inda yake. Ƙarfin wannan fizgar yana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa, domin idan gudu ya ninka sau biyu, fizgar tana ninkawa sau huɗu ne. Ƙarin nauyin giram 30 a bakin taya, wanda a tafin hannu ba a bakin komai yake ba, yana jan ƙafar mota da ƙarfin da bai kai kilo biyu ba a gudun kilomita 50. A gudun kilomita 100 kuwa ya zama kimanin kilo bakwai, yana bugawa sama da ƙasa sau 14 a sakan. Misalinsa kamar fankar sama ce wadda fiffikenta ɗaya ya lanƙwashe: a lamba ta ɗaya tana juyawa shiru, a lamba ta biyar sai a ga kamar za ta tsinko.

Akwai dalili na biyu. Ƙafar mota da sifirin ɗinta suna da saurin lilo na kansu, wanda a yawancin ƙananan motoci yake tsakanin sau 10 zuwa 15 a sakan. Idan juyawar taya ta zo daidai da wannan saurin, sai girgizar ta haɓaka, kamar yadda lilo ke ƙara nisa idan mai turawa ya dace da lokacin dawowarsa. Shi ya sa rawar ta fi tsanani tsakanin kilomita 80 zuwa 110, kuma a wasu motocin takan ragu idan an wuce nan. Direbobin da suka gano haka sukan ƙara wuta don su tsallake wurin. Wannan ganganci ne, domin fizgar tana nan, har ta ƙaru, jin ta ne kawai ya ragu. Ga kuma doka: Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta ƙayyade kilomita 100 a awa ga motocin gida a manyan tagwayen hanyoyi, 90 ga tasi da bas, sannan 80 a sauran manyan hanyoyi.

Tambayoyi uku kafin a je gareji

Tambaya ta farko ita ce a ina ake jin rawar. Idan a sitiyari take, yana kaɗawa hagu da dama, mafi yawan lokuta matsalar tana ƙafafun gaba. Idan a kujera ko a daɓen mota ake jin ta, sitiyari kuma bai cika motsi ba, to zargi ya koma ƙafafun baya, ko farfela ga motocin da ke da ita. Idan kuwa a fedar birki ake ji tana harbin ƙafa, birki za a duba.

Ta biyu ita ce mene ne rawar take bi, gudun mota ko juyawar inji. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A riƙe gudun da rawar ke bayyana, sannan a sauya giya. Idan juyawar inji ta canja amma rawar tana nan yadda take, to daga tayoyi ko abin da ke juyawa tare da su take. Idan ta canja tare da ƙarar inji, ko ana iya jin ta idan mota na tsaye an taka totur, to inji ne ko robobin da yake zaune a kai.

Ta uku ita ce me direba yake yi a lokacin. Akwai rawar da ke zuwa ko an taka totur ko an saki, akwai wadda sai an taka totur ko ana hawan tudu, akwai kuma wadda sai an taka birki. Kowacce tana nuna wuri daban.

Duk wannan gwajin a kan titi mai santsi marar cunkoso ake yin sa, da rana, kuma ba a kashe inji ana tafiya, domin kashe shi yana ɗauke taimakon da birki da sitiyari ke samu. Ya kamata kuma a gwada a wurare biyu ko uku, saboda akwai kwaltar da manyan motoci suka murɗe har ta yi kunya-kunya, wadda kowace mota ta hau sai ta yi rawa.

Taya da wili: inda ake farawa

Mafi yawan girgizar da ke bayyana a gudu daga taya ko wili take, kuma nan ne gyara ya fi araha. Don haka hikima ita ce a fara daga nan.

Abu na farko shi ne rashin daidaiton nauyi. Babu tayar da ke fitowa daga masana'anta da nauyi daidai a kowane gefe, shi ya sa ake ɗora ta a na'urar balansin, a maƙala ƙananan dalma a bakin wili don cike giɓin. Waɗannan dalmar suna faɗuwa idan an faɗa rami. Haka nan idan mai faci ya cire taya daga wili ya mayar ba a gurbin da take ba, ko ya liƙa babban faci a ciki, tsohon lissafin ya rushe. Direban da ya lura cewa rawar ta fara ne bayan an yi faci ko an sa sabuwar taya, ya kusa samun amsarsa.

A lokacin damina akwai wani sanadin da ba ya buƙatar ko kwabo: taɓo. Motar da ta shiga unguwa mai laka takan kwaso taɓo a cikin wili, ya bushe a gefe guda ya zama nauyi. Wanke cikin wili da ruwa mai ƙarfi yana iya kawar da rawar baki ɗaya. Ruwan da ke shiga taya daga injin iska marar kyau, da ruwan liƙe huda da wasu ke ɗurawa, su ma suna iya ɓata daidaito.

Abu na biyu shi ne lanƙwasar wili. Rami ɗaya da aka faɗa da gudu ya isa ya lotsa bakin wili, kuma sau da yawa ta gefen ciki yake lotsawa, inda ido ba ya gani sai an cire. Wilin da ya lanƙwashe ba ya juyawa a da'ira, don haka ko na'ura ta nuna sifili, rawar ba za ta tafi ba. Yana da kyau mai mota ya tsaya ya kalli tayar lokacin da take juyawa a na'ura. Idan bakin wili ko saman taya yana tsalle, ko yana kaɗawa gefe da gefe, ƙarin dalma ba zai magance ba. Alamar da ke nuna haka ita ce a ga an jera dalma da yawa a wili ɗaya. Wilin ƙarfe yakan gyaru, amma na alminiyam da ya tsage, walda ba ta mayar da shi yadda yake, kuma canja shi ya fi aminci.

Abu na uku, wanda ya fi kowanne haɗari, shi ne rabewar taya daga ciki. A ƙarƙashin robar da ke taka ƙasa akwai shimfiɗun wayoyin ƙarfe. Zafi da tsufa da ƙarancin iska da dukan ramuka suna sa su saki, sai taya ta yi ƙulu ko ta murɗe. Irin wannan tana da alama ta musamman: tun a gudun kilomita 20 zuwa 40 ake jin mota tana rangaji kamar mai ɗingishi, kafin ta koma girgiza idan an ƙara gudu. Idan aka ɗaga motar da jak aka juya tayar a hankali ana kallo, za a ga tudun. Tayar da ta kai wannan matsayi ba ta da gyara, kuma tana iya fashewa a kowane lokaci, musamman da rana tsaka a watannin Maris da Afrilu lokacin da kwalta ta ɗauki zafi. Haka ma ƙulun da ke fitowa a gefen taya.

Shekarun taya suna rubuce a jikinta. A ƙarshen jerin lambobin da suka fara da DOT akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2321, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar FRSC ta daɗe tana gargaɗi a kan amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa, kuma tsofaffin tayoyin da ake kira Beljiyam suna cikin kayan da gwamnati ta hana shigowa da su, duk da cewa suna nan jibge a kasuwanni. Mai saye yana ganin zanen taya da sauransa, amma ba ya ganin abin da ya faru da wayoyin ciki a hannun mai ita na farko. Araha dai ba ta ado.

Akwai kuma motar da ta daɗe a ajiye. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ma'aikata da yawa sun koma ajiye mota sai ranar da ta zama dole. Tayar da ta yi makonni a wuri ɗaya takan ɗan baje ta inda take taka ƙasa, sai ta yi rawa a farkon tafiya. Wannan yakan wuce bayan 'yan kilomitoci idan taya ta yi ɗumi. Idan bai wuce ba, sai a duba.

Batun iska ma yana da muhimmanci. Adadin da ya dace yana rubuce a takardar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma ga yawancin ƙananan motoci yana tsakanin 30 zuwa 35 a ma'aunin da masu faci ke amfani da shi. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Cika iska fiye da kima yana sa taya ta yi tauri, duk wata ƙaramar girgiza ta iso hannun direba. Ana auna iska ne da safe kafin taya ta yi zafi.

Gwaji mafi sauƙi da ke raba gardama shi ne a mayar da tayoyin gaba baya, na baya su dawo gaba, kowacce a gefenta. Idan rawar ta bar sitiyari ta koma kujera, to an tabbatar taya ce ko wili. Idan ta tsaya inda take, sai a ci gaba da bincike.

Balansin daban, alaimen daban

Mutane da yawa suna haɗa waɗannan biyu, har a wasu garejoji da an ce mota na rawa sai a ce a yi alaimen. Balansin yana daidaita nauyin taya ne a kan wili. Alaimen kuwa yana saita inda ƙafafu ke fuskanta. Alamar lalacewarsa ita ce mota ta riƙa ja gefe guda, ko sitiyari ya karkace alhali ana tafiya miƙe, ko taya ta ci ta gefe ɗaya. Shi kaɗai ba kasafai yake kawo girgiza ba, sai dai idan ya daɗe har ya cinye taya ba daidai ba. A irin wannan hali, ko an saita ƙafafun, tayar da ta riga ta lalace za ta ci gaba da rawa.

Idan sai an taka birki

Rawar da ba ta zuwa sai an taka birki daga gudu mai yawa, kamar lokacin da ake tunkarar shingen bincike ko gangara, daga faifan birki take. Kaurin faifan ya daina zama ɗaya a kewayensa, sai takalman birki su riƙa kamawa suna saki. Idan sitiyari ne ke kaɗawa, faifan gaba ne. Idan a kujera da feda aka fi ji, na baya ne. Zafi mai yawa yana jawo haka, da tsatsa ko datti a inda faifan ke zama, da kuma ɗaure notin taya ba daidai ba. Ana iya goge faifan a injin sassaƙa idan kaurinsa bai kai iyakar da aka rubuta a jikinsa ba, in ya kai sai canji.

Wani lokaci birki yakan riƙe da kansa saboda kalifa ta cije. Alamarsa ita ce rawar ta fara bayan an yi tafiya mai ɗan nisa, mota ta yi nauyi, a ji ƙauri, kuma idan an tsaya a tarar wili ɗaya ya fi sauran zafi nesa ba kusa ba. Kusantar da hannu ya isa a gane, ba sai an taɓa ba.

Idan sai an taka totur

Motoci irin su Corolla da Camry da Accord da Golf da ƙafafun gaba suke ja, ta hanyar shaf biyu masu gaɓoɓi a ciki da waje. Idan gaɓar ciki ta ci, mota takan yi rawa lokacin da aka taka totur ko ana hawan tudu da kaya, da an ɗaga ƙafa kuma sai ta lafa. Gaɓar waje ita ce ke yin ƙas-ƙas idan an karya kwana. Yawanci lalacewar tana farawa ne daga yagewar robar da ke rufe gaɓar: giris ya zube, ƙura ta shiga. Ganin giris ya fantsama a cikin wili ko a ƙarƙashin inji alama ce da bai kamata a ƙyale ba, domin canja roba ya fi canja shaf sauƙi.

Motocin da ke ja da baya, kamar Hilux da Hiace, suna da farfela, doguwar sandar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa ƙafafun baya. Tana juyawa kusan sau uku zuwa huɗu fiye da taya, don haka rawarta ta fi ta taya sauri da laushi, kamar gurnani a ƙarƙashin kujera. Cin gaɓoɓinta, ko lalacewar boris ɗin da ke riƙe ta a tsakiya, ko mayar da ita ba a saitin da aka ciro ta ba bayan gyara, duk suna kawo haka.

Idan kuwa rawar tana bin juyawar inji, mota tana sarƙewa tana rasa ƙarfi, to wata silinda ce ba ta ƙona mai yadda ya kamata, sau da yawa saboda fulogi ko kwayil ko nozul. Idan fitilar inji tana ƙiftawa a lokacin, ci gaba da gudu yana iya jawo ɓarnar da ta fi ta farko tsada. Robobin da inji ke zaune a kai, waɗanda kanikawa ke kira injin sit, idan suka mutu ana jin karkarwar tun mota na tsaye.

Kayan ƙafa

Tayarod da boljoyin da bushin ba su cika ƙirƙiro girgiza da kansu ba, amma idan sun yi sako-sako suna barin ƙaramar rawa ta zama babba. Makaniki yana gane su idan ya ɗaga mota ya kama taya ya jijjiga ta hagu da dama, sannan sama da ƙasa. Shokazoban da ya mutu yana barin taya ta riƙa tsalle a kan titi, har ta ci rami-rami a kewayenta, abin da ake ji idan an shafa da hannu. Boris kuwa da kuka yake farawa, wani gurnani da ke ƙaruwa da gudu, yana canjawa idan an ɗan karkata sitiyari hagu ko dama.

Lokacin da tsayawa ta zama dole

Rawar da ta daɗe a gudu ɗaya ba ta canjawa tana iya jiran a isa gari, muddin an rage gudu zuwa inda ba a jin ta. Amma akwai wadda ba ta jira: wadda ta fara farat ɗaya ana cikin tafiya, ko take ƙaruwa minti bayan minti, ko ta zo da ƙarar bugu, ko da ƙauri, ko ta bayyana jim kaɗan bayan an canja taya. Wannan ta ƙarshe tana iya zama notin taya ne ba a ɗaure sosai ba, kuma ƙafa tana iya ficewa. A irin wannan hali direba ya rage gudu a hankali, ya kunna fitilun gargaɗi, ya nemi wuri mai aminci da jama'a ya tsaya, ya duba notoci da jikin kowace taya. Idan taya ta fashe ana gudu, abin yi shi ne a riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur sannu a hankali, a guji danna birki da ƙarfi har sai mota ta rage gudu da kanta.

Tsarin da ya fi sauƙi ga aljihu

Mai mota ya fara da abin da ba ya cin kuɗi: duba notoci, auna iska, wanke cikin wili, karanta shekarun taya da shafa jikinta. Daga nan sai balansin na ƙafa huɗu, yana tsaye yana kallon yadda kowace taya ke juyawa. In rawar ba ta tafi ba, a sauya tayoyin gaba da na baya. Sai bayan wannan ne ake ɗaga mota a duba kayan ƙafa da birki da shaf. Kafin a tafi Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo sayen wani ƙarfe, mai mota yana da haƙƙin ya nemi makaniki ya nuna masa inda tsohon ya lalace, kuma a canja abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu, don a san wanda ya yi maganin.

Bayanin da direba ya kawo shi ne jagoran makaniki. Wanda ya ce motarsa tana rawa kawai ya bar ƙofar hasashe a buɗe. Wanda ya ce sitiyari ne ke kaɗawa daga 90 zuwa 100, ko ya taka totur ko ya saki, kuma abin ya fara ne bayan facin makon jiya, da wuya a sayar masa da shokazoba. Ga masu shirin tafiyar Sallah ko ta ƙarshen shekara, ya fi kyau a yi wannan binciken mako guda kafin ranar, a gwada motar a babban titi babu kaya, tun kafin a ɗora mata iyali.